Masu Sayen Tsohuwar Fijo, Ku Fara Da Ƙafa Kafin Fenti

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu in yi magana da 'ya'yanmu da jikokinmu da suka dawo suna farautar tsofaffin motocin Peugeot 504. Ni tsohon makanike ne, ɓangaren ƙafa, wato kayan da ke haɗa tayoyi da jikin mota. A Kaduna na koyi aiki, a nan kuma na tsufa. Yanzu gwiwa da ido sun hana ni shiga ƙarƙashin mota, amma kunne na nan da ransa, kuma abin da yake jiyo mini idan waɗannan motoci sun gifta shi ya sa na zaunar da jikata ta rubuta mini wannan takarda.

Abin yana burge ni ta wani gefen. Yaro zai samo Fijo da ta yi shekara da shekaru a kafe a ƙofar gidan kakansa, tayoyi sun nutse a ƙasa, awaki na kwana a ƙarƙashinta. Ya ja ta wurin mai fenti, daga nan wurin mai kujera, a sa mata sifiku da fitilu da wili mai faɗi, ranar sallah ko ɗaurin aure ya fito da ita ana ta ɗaukar hoto ana sawa a Facebook. Madalla. To amma da ta taka ɗan rami sai ka ji ƙwal-ƙwal daga gaba, da ya taka birki sai hancinta ya duƙa, ya ɗago, ya sake duƙawa. Fenti ya sha kuɗi, ƙafa ko kwabo ba ta gani ba. Kyan ɗan maciji ke nan, domin sitiyari da birki duka a kan ƙafar gaba suka dogara, haka ma ran duk wanda ke ciki.

A 1968 aka fara fito da 504 a Faransa, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai. A 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon, kamfanin PAN ya fara harhaɗa motocin Peugeot nan Kakuri a Kaduna, daidai lokacin da kuɗin ƙarin albashi na Udoji ya shiga hannun ma'aikata. A wannan shekarar ce kuma wani direba ɗan Suwidin, Ove Andersson, ya cinye gasar Safari ta Kenya da 504, gasar da ake yi cikin taɓo da duwatsu da gargada na dubban kilomita. Injinta ba wani abin a zo a gani ba ne, motoci da yawa sun fi ta gudu. Ƙafarta ce ta sa direbobin tasha suka riƙe ta daga Kano zuwa Maiduguri, daga Sakkwato zuwa Ƙonni, har Faransa ta daina yin salun ɗinta a 1983 mu muka ci gaba da harhaɗa ta zuwa 2006. Wanda ya gyara fenti ya bar ƙafa, abin da ya sa ake son motar shi ya bari.

Tsarin ƙafar gabanta ba shi da wuyar ganewa. Kowane gefe akwai doguwar shokozoba a tsaye, sifirin ya naɗe ta daga sama, an ɗaure kanta a jikin mota da roba da boris wanda ke ba ta damar juyawa idan an murɗa sitiyari. Daga ƙasa bol-jon, wata gaɓa mai ƙwallon ƙarfe, ya haɗa ta da lowa-am, ƙarfen ƙasa da ke riƙe da taya, shi kuma hannuwansa sun kama gindin mota ta cikin bush na roba. Sai sandar sitabilaiza da ta haɗa hagu da dama, sai tayarod biyu, sandunan da ke karkatar da tayoyi, da suka fito daga rak ɗin sitiyari. Turawa na kiran tsarin MacPherson, kuma yawancin ƙananan motocin yau ma shi ne a gabansu. Inda 504 ta yi fice shi ne nisan tafiyar da tayarta ke yi sama da ƙasa, da laushin sifirin ɗinta, da shokozobar da Peugeot ke ƙerawa da kanta don ta dace da wannan sifirin.

A kan bush zan daɗe, domin nan ɓarnar ta fi yawa. Bush na asali bututun ƙarfe ne guda biyu, ƙarami a cikin babba, aka narka roba tsakaninsu ta manne da kowannensu. Idan taya ta hau rami, lowa-am ya ɗaga, babu abin da ke juyawa a cikin wani. Robar ce ke murɗewa ta dawo. Shi ya sa ba ya ƙara, ba ya neman giris, kuma shi ke shanye ƙananan jijjigar da sifirin ba ya ji. Bayan 1986, da tsarin tattalin arziki na SAP ya karya darajar naira, kayan Faransa suka fi ƙarfin direban tasha, sai aka koma yanka tsohuwar tayar babbar mota ana fafe ta ana dannawa a madadin bush. Ban ga laifin waɗanda suka fara ba. Mutum na da iyali, mota ce gonarsa, dole gobe ta fita lodi. Amma robar taya tauri gare ta, da zare a cikinta, kuma ba ta manne da komai ba. Sai ta riƙa juyawa a kan ƙusa tana cin ta, tana cin ramin lowa-am har ya buɗe ya zama ba zagayayye ba. Ranar da ka samo bush na ƙwarai, sai ka tarar ba shi da inda zai kama. Dabarar lalura ce ta zama al'ada, har akwai yara a gareji yau da ba su taɓa riƙe bush na asali a hannunsu ba. Wanda ke da kuɗin fenti na gani na faɗa ba shi da uzurin sa wa motarsa taya a lowa-am.

Ko an samo na ƙwarai, akwai wani kuskure da ke kashe shi tun ranar farko, kuma kusan kullum ana yin sa saboda sauri. Mota na kan jak, tayoyi na lilo a iska, yaro ya sa sifana ya ɗaure ƙusoshin bush tamau, sannan a sauke mota. Da nauyinta ya sauka, lowa-am ya ɗaga zuwa inda zai zauna, robar ta murɗe ta tsaya a haka, kamar wankin da aka matse aka bar shi a murɗe. Daga nan duk ramin da aka taka ƙarin murɗa ne a kan wanda ke akwai, kafin damina ta zagayo ta tsage. Sai mai mota ya dawo yana cewa, "Baba, kayan nan jabu ne." Ba jabu ba ne, ɗana, ɗauri ne aka yi ba a kan ƙa'ida ba. Yadda aka koya mana: a sa ƙusoshin a sassauce, a sauke mota a kan tayoyinta, a tura ta gaba da baya, a danna hancinta ta zauna daidai, sannan a shiga rami a ɗaure. Maigidan da ya koya mini aiki, Allah ya jiƙansa, idan ya ga yaro ya ɗaure bush mota na sama, ba ya faɗa. Cewa yake, "Kwance, mu sake," ko da an kira magariba. Mai mota yana da ikon ya tsaya ya ga an yi masa haka, kuma duk makaniken da ya ji haushin tambayar, a canza shi.

Shokozobar 504 ta asali ana iya buɗe ta. Akwai babban noti a bakin bututun, idan an kwance shi sanda da fistin za su fito, a wanke, a canza sil, a zuba sabon mai daidai awo. Wannan gata ne da motocin yanzu ba su da shi, amma shi ma an mai da shi hanyar ɓarna. Ana zuba baƙin man da aka juye daga inji, wasu har man giya, wai don ta yi ƙarfi. Mai kauri ba ya wucewa ta ƙananan ramukan fistin da sauri, sai ƙafa ta sandare da sanyin safiya, da ta ɗau zafi kuma ta saki. Man shokozoba siriri ne, nasa daban. Kafin ma a yi maganar mai, a dubi sandar a rana, a shafa ta da farce. Idan ta yi zane ko tsatsa ta ci ta, sabon sil ba zai yi mako biyu ba zai fara zubarwa. A irin wannan hali gara a sa sabuwar cikin shokozoba, wadda ake zurawa a tsohon bututu a ɗaure. Kuma a yi gefe biyu tare. Sabuwa a dama, matacciya a hagu, ita ce motar da ke karkata idan an taka birki da ƙarfi.

Gwajinta ba ya buƙatar na'ura. Danna kusurwar mota da ƙarfinka ka saki. Mai lafiya za ta ɗago sau ɗaya ta tsaya. Idan ta ci gaba da rawa, ta mutu. Taya ma na ba da labari: wadda ta ci tudu da kwari a kewayenta, shokozoba ce ta bar ta tana tsalle a kan kwalta.

Sifirin kuwa ina roƙon yaran gareji su ji tsoronsa. A matse yake ƙarƙashin kan shokozoba da ƙarfin da ke ɗauke da kusurwar mota da inji. Wanda ya kwance notin sama ba tare da ya kama shi da abin matse sifirin ba, ya saki wannan ƙarfi duka a fuskarsa. Na san wani abokin sana'a da ya rasa haƙoran gaba da rabin ganin ido ɗaya a haka, ya ɗaure sifirin da waya yana ganin ta isa. Abin matsewar nan dogayen ƙusoshi ne biyu masu ƙugiya, kuɗinsa bai kai na taya ɗaya ba, amma sai ka zaga gareji da yawa ba ka gan shi ba. Iyayen gida, wannan haƙƙin yaran da aka ba ku amana ne.

Motar da ta daɗe a ajiye ko ta sha lodi, sifirin ɗinta kan kwanta. A tsayar da ita a daidaitaccen wuri, a auna daga ƙasa zuwa bakin madigadi hagu da dama. Idan sun bambanta sosai, a canza duka biyun da irinsu ɗaya. Kada a cusa katako ko roba tsakanin zobban, kada a gasa shi da wutar walda don a miƙar da shi, wuta na kashe ƙarfen ne gaba ɗaya. Masu ɗauko sifirin ɗin wata babbar mota su sa don gaba ya ɗaga su ma sun raba motar da laushinta. Tun da an riga an sauke ƙafa, a leƙa inda kan shokozoba ke zama a jikin mota. Ƙarfen wurin kan tsage ko tsatsa ta cinye shi a tsofaffin motoci, mai fenti kuma ya shafe da foti ya wuce. Wannan aikin mai walda ne, kuma kafin fenti ake yin sa.

Sai bol-jon da kawunan tayarod. Ƙwallon ƙarfe ne ke juyawa cikin giris, wata 'yar roba ta rufe shi. Wannan 'yar robar ita ce ransa. Da ta tsage, ƙurar hunturu ta shiga ta gauraya da giris ta riƙa goge ƙarfen, damina ta zo ruwa ya ƙarasa shi. Idan ya fara motsi, wasu sukan dake bayansa da guduma ko su ɗiga masa walda ya matse, a ce an gyara. Ba a gyara ba, an rufe masa baki ne kawai ya daina faɗin ciwonsa. Duk wanda ya taɓa ganin mota a gefen hanya tayar gaba ta kwanta ta shige ƙarƙashin madigadi, to bol-jon ne ya fita. Idan a cikin gari ne ana tafiya a hankali, a kira janwe. Idan a hanyar Zariya ne ana gudu, sai dai addu'a. Don a gane, a ɗaga mota, a kama taya sama da ƙasa a girgiza: motsi a nan na bol-jon ne ko boris. A kama ta gefe da gefe: motsi a nan na tayarod ne ko rak. Wani ya girgiza, wani ya sa hannu a kan gaɓar ya ji inda motsin yake, kada a canza abin da lafiyarsa ƙalau.

Boris ɗin wili a wanke shi, a cika da sabon giris, kada a ɗaure notinsa har taya ta ƙi juyawa. Robobin rak idan sun yage a canza. Notin da ke da roba a bakinsa sau ɗaya ake amfani da shi.

Alaimen shi ne na ƙarshe, ba na farko ba. Mutane da yawa idan taya ta fara cin gefe sai su ruga wurin mai alaimen, ya murɗa tayarod, su biya, bayan wata guda taya ta ci gaba da ci. Ba za a saita ƙafar da bush ɗinta ke motsi ba, domin da an fita daga shagon saitin ya gudu. A 504 abin da ake saitawa shi ne yadda bakin tayoyin biyu ke ɗan kallon juna daga gaba, 'yan milimita kaɗan. Kwanciyar taya ciki ko waje ba ta da wurin saiti. Idan ka ga ta kwanta, wani abu ne ya lanƙwashe, ko lowa-am ko bututun shokozoba, a nemo shi. Ina kuma jan kunnen masu sa wili mai faɗi da siririyar taya. Ramukan wilin 504 ba su dace da na yawancin motoci ba, sai a kai a huda sababbi, wanda shi kansa haɗari ne. Sannan doguwar tayar da aka yi motar da ita tana cikin abin da ke shanye rami. Idan ka rage ta, dukan da take sha ya koma kan bush da bol-jon.

Maganar kaya ita ce mai wuya, ba zan ɓoye ba. Har yanzu ana samu a Panteka nan Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano, wurin dattawan da suka san motar, amma sai an natsu an zaɓa. Kwali mai hoton zaki ba shaida ba ne, kowa na iya buga kwali. Ka ɗauki bush ka danna farce a robar, ta ƙwarai za ta ɗan nutsa ta dawo. Ka duba ko ta manne da ƙarfen ko'ina. Wani abin da samari ba su sani ba: ko kayan asali ne, idan roba ta yi shekara talatin a ajiye cikin zafin shago, ta bushe. Lanƙwasa ta ka gani, idan ƙananan tsaga sun bayyana, ajiye ta. Ƙarfe na Baljiyam, irin lowa-am ko bututun shokozoba, ba laifi idan bai lanƙwashe ba. Roba da bol-jon na hannu kuwa sayen ciwon wani ne. Araha ba ta ado. Ka tafi kasuwa da tsohon da aka cire a hannunka, domin 504 ta daɗe ana yin ta kuma an yi canje-canje a tsakani, na salun ɗin farko ba lallai ya shiga ta ƙarshe ba. Taya kuma a karanta lambobi huɗu da ke gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Motar da ta daɗe a kafe, ko zanen tayarta bai goge ba, robar ta mutu.

Malam Edita, ina da roƙo ga shugabannin ƙungiyarmu ta makanikai, NATA, da makarantun koyon sana'a. Waɗanda suka yi aikin 504 tana sabuwa, suka ga littafin gyaranta da awon ɗaurin kowace ƙusa, saura kaɗan, kullum sai an ce wane ya rasu. Yaran yanzu sun fi mu sanin kwamfutar mota, ban raina musu ba, amma an koya musu cirewa da sawa ne, ba buɗewa da gyarawa ba. Kowannensu na da waya mai ɗaukar hoto. A zaunar da dattawan nan, a ba su ƙafar Fijo ɗaya su warware ta su mayar, suna bayani da Hausa, a ɗauka a ajiye. Wanda kuma ke da tsohon littafin gyara a akwati, ya fito da shi a yi masa hoto kafin gara ta riga mu. Ku ma 'yan jarida kuna iya turo wakili gareji ya yi hira da su.

Ga wanda ya riga ya gyara ƙafarsa, bayan ya yi 'yan makonni yana hawa ya koma a sake bin ƙusoshin da sifana, sababbin kaya sukan zauna. Duk ƙarshen damina a ɗaga mota a duba robobin bol-jon da na rak, ƙaramar roba ce mai arha, canza ta da wuri shi ke tsare babban kashe kuɗi. Idan kuma ka kai ta wanki, ka hana su fesa mata baƙin mai ko gas a ƙarƙashi. Suna yi ne da kyakkyawar niyya, wai maganin tsatsa da ƙara, amma mai yana kumbura roba ya narkar da ita, ya kuma kama ƙura. Ruwa kawai ya isa. Haka nan idan injinka na ɗigar da mai a kan bush ɗin lowa-am, toshe ɗigon kafin ka sa sabo.

Na gode da wannan fili. Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya jiƙan magabatanmu. Wassalam.

Naka,
Wani tsohon makaniken ƙafa,
Tudun Wada, Kaduna.